Ƙaiƙayin Gaba: Yadda Likitoci Suka Ajiye Wuƙa Suka Koma Man Shafawa

Kafin in shiga magana, wadda take da ƙananan yara a kusa ta ɗan aike su tsakar gida, ko ta rage sautin akwatin ta matso kusa, domin zancen yau namu ne na manya.

Wata baiwar Allah ce ta aiko mana da wasiƙa, ta roƙi kada a ambaci sunanta ko garinsu. Ta ce ta haura shekara 50, kuma yau shekara 6 ke nan tana fama da ƙaiƙayi a gabanta, wanda ya fi tsananta da dare har ya hana ta barci. Ta sha maganin sanyi na kemis da na gargajiya, ta zauna a ruwan bagaruwa, ta yi hayaƙi, duk a banza. Yanzu fatar wurin ta yi fari, tana tsattsagewa, fitsari na yi mata zafi, kwanciyar aure ta gagara. Maigida ya ɗauka gudunsa take yi, ita kuma a ranta tana zargin abokiyar zamanta ce ta shigo musu da ciwon. To ga shi wata dattijuwa ta ba ta shawarar a kira wanzami ya yi mata yankan gishiri. Shi ne take tambaya, ta yarda ko kada ta yarda?

Yaya, tun kafin mu yi nisa ga amsarki: kada ki yarda a sa miki aska a wurin nan. Ni ba likita ba ce, 'yar jarida ce, kuma ko likitan ma ba ya gane ciwo ta wasiƙa sai ya duba. Amma abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da wani ciwon fata mai dogon tarihi. Likitocin Turai da Amurka sun shafe shekaru da dama suna yanke wa mata gabansu saboda shi, kafin su gane kuskurensu. Tarihin nan nake so mu bi yau, don mu ga abin da ya same su kada mu maimaita.

Likitoci na kiran ciwon laikin sikilirosus. Ku riƙe sunan, ko ku sa yaro ɗan makaranta ya rubuta muku a takarda. Ciwo ne na fatar da ke bakin gaba da kewayen dubura, ba ya shiga can ciki. Fatar sai ta yi fari, ta yi laushi da siriri tana tattarewa kamar takardar da aka duƙunƙune, tana saurin tsagewa da fitar jini. In ya daɗe ba magani, ƙananan leɓɓan gaba sukan manne su shafe, fata ta rufe ɗan tsaka, ƙofar kuma ta tsuke. Ya fi kama mata biyu: wadda jinin al'ada ya ɗauke mata, da yarinyar da ba ta balaga ba, ko da yake yana iya samun mace a kowane shekaru.

A ƙarni na 19, likitoci a garuruwa daban-daban suka riƙa ganin ciwon, kowa na raɗa masa nasa suna. A 1877 wani likita a Budapest mai suna Schwimmer ya ƙirƙiro kalmar lukofilakiya, wato farin tabo, don wani fari da ke fitowa a cikin baki, daga baya aka ɗauki kalmar aka liƙa wa farin gaban mace. A 1885 August Breisky, likitan mata a birnin Prag, ya rubuta bayanin matan da gabansu ya bushe ya tsuke, ya kira abin kurorosis, daga kalmar Girkanci mai nufin bushewa. Bayan shekara 2, a 1887, likitan fata Hallopeau na asibitin Saint-Louis da ke Paris ya bayyana irin wannan farin a fatar jiki, sannan a 1892 Darier ya duba fatar a madubin likita ya bayyana yadda take a ciki. Daga wurin waɗannan Faransawa ne sunan da ake amfani da shi yau ya samo asali. Kun ga ke nan ciwo ɗaya, suna uku. Likitan mata na karanta littafinsa, likitan fata na karanta nasa, ba su san abu ɗaya suke kallo ba.

Wannan ruɗani na suna shi ya jawo wuƙa. A 1909 wasu manyan likitocin tiyata biyu na Landan, Berkeley da Bonney, suka rubuta cewa farin tabon gaba share fage ne na ciwon daji. A Amurka kuma, cikin shekarun 1920 da 1930, Fred Taussig na birnin St. Louis ya tsaya kai da fata a kan cewa hanyar kare mace daga sankara ita ce a cire fatar tun kafin ta rikiɗe. Ba mugunta ce ta sa su ba. Matan da suke gani a asibiti da sankarar gaba, da yawansu akwai wannan farin a gefen ciwon, sai suka ɗauka duk mai farin can za ta ƙare. Abin da ba su lissafa ba shi ne ɗimbin matan da ke da farin har ƙarshen rayuwarsu ba tare da sankara ta taɓa su ba, domin su ba sa zuwa gaban likitan tiyata.

To me ake yi wa macen? A sa ta barci, a yanke leɓɓan gaba manya da ƙanana, sau da yawa har da ɗan tsaka, a ja sauran fatar a ɗinke. Ta tashi da tabo, zama na yi mata wuya, auratayya ta zama azaba ko ta gagara ɗungurungum. Abin takaicin kuma, bayan 'yan shekaru sai farin da ƙaiƙayin su dawo a bakin ɗinkin, ga kusan rabin waɗanda aka yi wa aikin. Har fatar da aka ɗebo daga wani sashe na jiki aka dasa a wurin, ita ma takan kamu. Garin neman gira aka rasa ido. Da suka ga haka sai aka shiga gwaje-gwaje: an haska wurin da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda shi kansa yana ƙona fata, an yi allurar sinadarin barasa a ƙarƙashin fata don kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ƙaiƙayi, an yanke jijiyoyin da wuƙa, an shafa sinadarin halitta na mata. Sauƙin ɗan lokaci ne, ciwon na nan daram.

Cikin waɗanda suka taka wa abin birki akwai Norman Jeffcoate, farfesan likitancin mata a Liverpool ta Ingila. Shi bai tsaya ga matan da suka zo da sankara ba. Sai ya bi matan da ke da farin kawai, shekara da shekaru, ya ga me zai same su. A rubuce-rubucensa na 1961 da 1966 ya nuna cewa kaɗan ne daga cikinsu ciwon ke rikiɗewa ya zama sankara, don haka ba dalilin da za a yanke lafiyayyar mace don tsoron abin da galibi ba zai zo ba. Ya kuma nemi a watsar da tsofaffin sunayen nan masu firgitarwa. Lissafin da likitoci suka tsaya a kai daga baya shi ne, a cikin mata 100 masu ciwon, waɗanda ke kamuwa da sankarar gaba ba su cika wuce 5 ba. Haɗarin na nan, ba a ce babu ba, amma maganinsa sa ido ne.

A 1970, a birnin New York, aka kafa ƙungiyar duniya ta masu nazarin cututtukan gaban mace, inda likitocin mata da na fata da masu duba tsoka a madubi suka zauna inuwa ɗaya. A 1976 ƙungiyar ta soke sunayen kurorosis da lukofilakiya. A 1987 ta sake zama ta ware cututtukan fatar gaba waɗanda ba sankara ba, ta ba su babi nasu daban, ta sa wannan ciwo a ciki da sunansa guda. Shekara 100 cif ke nan daga bayanin Hallopeau.

An ajiye wuƙa, amma fa magani bai samu ba tukuna. Tunanin lokacin shi ne, tunda fatar ta sirance, a nemo abin da zai kaurara ta. Sai aka koma shafa testosteron, wato sinadarin halitta na maza, a kwaɓa shi da basilin. Eduard Friedrich na Amurka ya buga bincike a 1971 da ya ƙarfafa wannan hanya, ta kuma yi tashe har shekarun 1980. Wasu matan suka ce sun ji sauƙi. Wasu kuwa gashi ya fito musu a fuska, ƙuraje suka feso, murya ta yi kauri, ɗan tsaka ya girma. Ku duba halin da macen ke ciki: ta je neman maganin abin da take ɓoyewa, ta dawo da abin da kowa zai gani a fuskarta.

Alhali kuwa maganin yana nan a kan kanta tun tuni, tsoronsa ake ji. Tun 1952 likitoci biyu a New York, Sulzberger da Witten, suka nuna cewa man shafawa na haidirokotizon yana kwantar da kumburin fata. Daga shi aka yi ta ƙera irinsa masu ƙarfi, dangin da ake kira sitiroyid, har aka kai ga mai ƙarfin gaske da ake kira kulobetasol, wanda ya shiga kasuwa a shekarun 1970. Sai dai kowane likita ya san yawan shafa irin wannan mai yana sirantar da fata. To wa zai ɗauke shi ya shafa a fatar da ta riga ta zama kamar takarda, a wuri mai laushi irin wannan? Shi ya sa aka yi ta gudunsa.

A 1991 wasu likitoci a Oxford, Dalziel da Millard da Fenella Wojnarowska, suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan mata 15, waɗanda suka shafa kulobetasol na mako 12. Sun ɗebi ɗan ƙaramin yanki na fatar kafin a fara da kuma bayan an gama. Ƙaiƙayi ya kwanta, tsagewa ta warke, kuma da aka duba a madubi sai aka ga fatar ta farfaɗo maimakon ta ƙara lalacewa. Ashe kumburin da ke ƙarƙashi ne yake cinye ta, da aka kashe shi sai ta samu sararin gyara kanta. A 1993 Bracco da abokan aikinsa a Italiya suka raba mata 79 gida huɗu don a gwada magunguna kafaɗa da kafaɗa. Masu shafa kulobetasol, kashi 75 cikin 100 suka rabu da alamomin ciwon. Masu testosteron kashi 20 kacal, masu shafa man da ba magani a cikinsa kuma kashi 10. Daga nan aka sallami sinadarin maza.

A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma aka fahimci inda ciwon ya fi karkata. Hujjoji sun nuna garkuwar jiki ce, wadda Allah Ya yi don ta yaƙi ƙwayoyin cuta, take kuskure ta juyo kan fatar mai ita. Shi ya sa ake yawan samunsa tare da ciwon ƙullin wuya da ke jawo maƙoƙo, ko albaras, kuma yakan bi dangi. Yaya mai wasiƙa, ki saurari wannan da kyau. In har wannan ciwon ne, ba a ɗaukarsa a masai, ba a ɗaukarsa a wurin miji, ba kya shafa wa kowa, kuma ba ƙazanta ce ta kawo shi ba. Abokiyar zamanki ba ta da hannu a ciki, ki sauke wannan zargi daga ranki.

Saura tambaya ɗaya: man yana hana sankarar da aka yi ta yanke mata dominta? A 2015 likitoci uku a Sidni ta Ostireliya, Lee da Bradford da Fischer, suka buga labarin mata 507 da suka bi na tsawon shekaru. Mata 357 sun riƙe shafa maganin yadda aka tsara musu, ko da ba sa jin ƙaiƙayi, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ta kamu da sankara ko mafarinta. Sauran 150 sukan shafa ne in abin ya motsa su bari in ya lafa, a cikinsu aka samu 7. Mannewar fata da tabo ma, 12 ne kawai a rukunin farko, a na biyu kuwa 60. Wato abin da wuƙar Taussig ta nema ta kasa, ɗan man shafawa da naci suka samar.

Yanzu mu dawo gida. Yankan gishiri da aka ba wa 'yar uwarmu shawara tsohon abu ne a ƙasar Hausa, ana yin sa don doguwar naƙuda, da rashin haihuwa, da zafin kwanciya, har da ƙaiƙayin gaba. A 1983 wani likita mai suna Tahzib ya buga bincike a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka gani a asibitin koyarwa na Zariya daga 1969 zuwa 1980. Kashi 13 cikin 100 nasu yankan gishiri ne ya huda musu mafitsara. In likitan da ke da ɗakin tiyata da kayan aiki ya yanka ciwon ya dawo, me askar wanzami za ta yi in ba ƙarin rauni ba? Wannan ciwo ma yana da halin bin tabo, inda aka ji wa fata rauni nan yake son fitowa.

Mu kuma namu ruɗanin sunan shi ne sanyi. Ƙaiƙayi sanyi, ruwa sanyi, ciwon mara sanyi, kowa da abin da take nufi, magani kuma ɗaya ake ba kowa. Alhali abubuwan da ke sa ƙaiƙayin gaba suna da yawa. Akwai ƙwayar cuta mai kawo farin ruwa mai kauri, wadda ke yawan damun mai ciwon suga. Akwai fatar da sabulu mai ƙamshi ko maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwan wanka ko kayan matsi suka ƙona. Akwai wadda susa ce ta kaurara mata fata, tana sosawa yana ƙara ƙaiƙayi. Akwai wani ɗan uwan ciwon namu da ke saɓule fata har cikin gaba da cikin baki. Kowanne da maganinsa, kuma ido ne ke rarrabe su. Wani lokaci likita kan yi allurar kashe zafi ya ɗebi fatar da ba ta kai ƙwayar wake ba ya aika ɗakin gwaji, wannan ba tiyata ba ce.

Ga wani gargaɗi, don na san wasu har sun fara tunanin aiken yaro kasuwa. Kulobetasol ɗin nan shi ne a cikin man Dermovate da ire-irensa, waɗanda wasu matanmu ke kwaɓawa a man bilicin suna shafe jiki da shi wata da watanni, har fata ta yi nankarwa ta sirance. Wannan ɓarna ce. Kuma in ƙaiƙayinki na ƙwayar cuta ne kika shafa shi, ƙara masa ƙarfi za ki yi. Sai likita ya duba ya tabbatar. Tsarin da likitocin fata na Ingila suka shimfiɗa shi ne a shafa ɗan kaɗan a daidai inda ciwon yake, kowane dare na wata ɗaya, sannan dare ɗaya a tsallake ɗaya na wata ɗaya, sannan sau 2 a mako na wata ɗaya. Kwalin giram 30 ya isa waɗannan watanni 3. Bayan nan likita ya tsara miki na riƙo, domin ciwon ana danne shi ne, ba a cika rabuwa da shi kwata-kwata ba, kamar dai hawan jini. Tsarki da ruwa zalla, a bar sabulu a wurin, a shafa basilin mara ƙamshi don kare fatar daga fitsari, a sa kamfai na auduga. A koma a duba aƙalla sau ɗaya a shekara. In kika ga gyambon da ya ƙi warkewa, ko ƙullutu, ko wuri ya yi tauri, kada ki jira ranar komawa. Tiyata kuwa tana nan, amma don buɗe inda ya manne ko cire sankara in ta bayyana.

Iyaye, a kula da 'yan mata ƙanana. Yarinyar da ke yawan sosa gabanta, tana kuka in za ta yi bayan gida, ana ganin ɗigon jini a wandonta, a kai ta asibiti kafin a yanke hukunci. An sha ɗaukar wannan ciwo a matsayin alamar an taɓa yarinya, aka zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Haka kuma kada a fake da shi a rufe ido in da gaske an cuce ta. Likita ne zai bambance.

Na san abin da ya fi yi mana nauyi shi ne buɗe baki. Mu tuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba, lafiyar jiki kuwa amana ce. Ki samu maigida a natse ki gaya masa ciwo ne ke damunki, ba ƙiyayya ba. In nauyi ya hana ki, ki sa yayarki ko uwarɗakinki ta isar. A asibiti kina da damar neman mace ta duba ki, kuma ki faɗa musu shekara nawa kika yi da abin, da duk abin da kika sha ko kika shafa. Iyayen gida maza da ke jin mu ta bayan labule, don Allah in iyali ta nemi izinin zuwa asibiti a kan irin wannan, a ba ta, a kuma haɗa ta da kuɗin mota da na magani. Abin da ya riga ya manne ba ya komawa yadda yake da shafa mai, don haka kowane wata da aka ɓata hasara ce.

Yaya mai wasiƙa, muna jiran ki sake rubuto mana bayan kin ga likita, mu ji yadda aka yi. Allah Ya ba ki lafiya, Ya ba duk marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Ya daidaita tsakaninki da maigida da abokiyar zama. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.